Maino iri uku, zane biyar: da wanne mai koyon jita zai fara?

Wani ɗan uwa ne ya tambaya, yace bai daɗe da fara koyon jita ba, ya iya kama kod ɗin Am, Em, C da G (kod shine sautuka da yawa da ake kaɗawa tare), yanzu yana so ya shiga sikel ɗin maino, wato jerin sautukan da ake hawa da sauka a kansu, amma duk bidiyon da ya buɗe sai an ƙara rikita shi, wannan yace maino iri uku ne (nacural, hamonik da melodik), wancan yace a fara da fentatonik, wani kuma ya zubo mishi zane biyar na ɗigo ɗigo a wuyan jita yace sai ya haddace su kaf. Yace guda ɗayan da ya samu ya haddace ɗin ma in ya kaɗa baya jin kiɗa, sama da ƙasa kawai yake ta yi. Da wanne zai fara, kuma yaya zai yi abin ya zama kiɗa?

Toh ɗan uwa, ka ɗauki A maino shi kaɗai ka ajiye sauran tukuna. Kuma kafin ka haddace kowane zane, ka fara koya ma kunnenka inda gida yake, wato sautin A. Matsalar da kake ciki ta sama da ƙasa ba daga yatsunka take ba, yatsu sun haddace hanya ne kunne bai san inda za a sauka ba, shi yasa ko ka haddace zane goma haka zaka ci gaba da ji.

Bari in fara da abin da ka riga ka iya. Kama kod ɗin Am ka kaɗa. Yanzu yatsan da yake kan tsirkiya ta 2 firet na 1 (ana ƙirga tsirkiya daga mafi siriri, ita ce ta 1, mai kauri ta 6, firet kuma ƙarafan nan ne da aka gitta a wuyan jita), matsar da shi gaba ɗaya zuwa firet na 2, ka gyara zaman sauran yatsun yadda zasu isa, ka sake kaɗawa. Ka koma A mejo kenan. Kaji yadda abin ya washe lokaci ɗaya? Mayar da shi baya, ya sake yin sanyi. Wannan firet ɗaya tak ɗin shine duk bambancin maino da mejo a asali. Daga A zuwa C firet 3 ne, daga A zuwa C# firet 4 ne. Duk wani sikel da aka kira maino, ko wane iri ne, abin da ya haɗa su shine sauti na uku yana nisan firet 3 daga gida. Sauran bambance bambancen da ake ta surutu a kai duk a can saman sikel ɗin suke, sauti na 6 da na 7. Yi irin wannan gwajin da Em da E, tsirkiya ta 3 a sake sannan ka danne ta a firet na 1, ka riƙe wannan a ranka don zamu dawo kanshi in munzo maganar hamonik.

Dalilin da yasa nace A maino, babu shaf (#, sautin da aka ɗaga firet ɗaya) babu filat (wanda aka sauke firet ɗaya) a ciki, A B C D E F G sai A kuma. In ka taɓa koyon do re mi, daga la ake farawa, la ti do re mi fa so la. Sannan kod ɗin da ka iya, Am, Em, C, G, duk ƴan gidan ne, in ka ƙara Dm da F ka kusa gama tara su.

Ni in zan fara ma mutum bana fara mishi da zane sam, a tsirkiya ɗaya nake sa shi. Ɗauki tsirkiya ta 5, wadda in ka kaɗa ta a sake take bada A. Kaɗa ta a sake, sai firet na 2, 3, 5, 7, 8, 10, 12. Shikenan ka kaɗa A maino cikakke, kuma da yatsa ɗaya ma zaka iya, kar ka damu da wane yatsa a wannan matakin. Abin da nake so ka gani da idonka shine tazarar: 2, 1, 2, 2, 1, 2, 2. Wuri biyu ne sautukan suke manne da juna, B da C, sai E da F. A zane baka ganin wannan saboda an karya layin an rarraba shi kan tsirkiyoyi shida, amma a tsirkiya ɗaya gashi nan a miƙe, kuma in ka ɗauki lissafin nan ka fara shi daga ko ina a wuyan jita maino zai baka. Fara daga tsirkiya ta 6 a sake da wannan lissafin, E maino kenan. Firet na 12 kuma daidai rabin tsawon tsirkiya yake, shi yasa sautin yake dawowa A ɗin da ka fara amma siriri, ta 5 a sake tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, a firet na 12 sau 220.

Akwai wani abu da nake so kayi anan wanda mutane suke tsallakewa don suna ganin kamar wasa ne. Koma kan tsirkiya ta 3, A yana firet na 2, daga nan 4, 5, 7, 9, 10, 12, 14. Ka riƙa kaɗa ta 5 a sake kana barinta tana ƙugi a ƙasa, kana tafiya a kan ta 3 a hankali, duk sautin da ka taka ka tsaya kaji yadda yake zama da ƙugin. A zai zauna lafiya lau. C zai baka wannan sanyin na maino. E shima zai zauna daram kamar ba abin da ya dame shi. Amma in ka taka F a firet na 10 ka tsaya, zakaji wani abu yana ja a kunnenka, baya son tsayuwa, sai ka zame da yatsan baya zuwa 9 kaji yadda numfashi yake sauka. B ma haka, a takure yake, yana so ko ya hau C ko ya faɗo A. G kuma a sake yake, ba ya takura kowa amma ba wurin kwana bane. Wallahi in ka ba wannan minti biyar kullum na ɗan lokaci ka fi wanda ya haddace zane biyar da gudu, don kai ka fara sanin halin kowane sauti shi kuma lambobi kawai ya sani. Kuma ka riƙa bin sautin da bakinka, ko muryarka bata da daɗi ba komai, ba wanda zai saurara. Abin da baki ya iya rerawa yatsa baya wahalar nemo shi.

Sai zane. Wanda yace maka ka fara da fentatonik bai yi ƙarya ba, ni ma shi zan ce, amma ka san me kake kaɗawa. Fentatonik na maino ba wani baƙon abu bane, A maino ɗin nan ne aka cire mishi sauti biyu, B da F, waɗancan biyun masu takura da ka gama ji yanzu. Saura A C D E G. Tunda an cire masu rigimar duk inda ka taka da wuya ya yi ma kunne zafi, shi yasa mai koyo yake saurin jin daɗinshi, kuma kar ka raina shi kace na ƴan koyo ne, kiɗan bulus na Amurka da rok da jitar Abzinawa ta Sahara mafi yawansu akan sauti biyar ɗin nan suke yawo, mutum ya shekara talatin yana kiɗa bai gama da su ba.

Ga yadda yake a firet na 5. Tsirkiya ta 6, mai kaurin nan ta sama, 5 da 8. Ta 5, 5 da 7. Ta 4, 5 da 7. Ta 3, 5 da 7. Ta 2, 5 da 8. Ta 1, 5 da 8. Kowane yatsa da firet ɗinshi, manuniya ta riƙe 5, na tsakiya 6, na zobe 7, ƙaramin yatsa 8. Eh ƙaramin, na san zai ƙi, zai riƙa tashi sama yana miƙewa kamar ba naka ba kuma zuciyarka zata ce kawai ka miƙa na zobe ya taka 8 ɗin. A tsirkiyoyi biyun ƙasa manyan makaɗa da yawa suna yin hakan musamman in zasu tura tsirkiya, ba haramun bane, amma kai yanzu ka sa ƙaramin yayi aikinshi don in munzo cikakken maino ba yadda zakayi in ba shi.

Cikin zanen nan A guda uku ne, kuma su nake so ka fara sani kafin komai: ta 6 firet na 5, ta 4 firet na 7, ta 1 firet na 5. In na tashe ka daga barci nace nuna min gida ya kamata yatsa ya tafi da kanshi. Ka lura kuma zanen a C yake ƙarewa, ta 1 firet na 8, to in ka hau har can kar ka tsaya, dawo 5 ka sauka a A. Da yawan masu jin sikel ɗinsu baya kama da maino wannan ne dalili, suna farawa daga inda zane ya fara su ƙare inda ya ƙare ba ruwansu da gida.

Kuma ga wani abu da zai nuna maka cewa zane shi kaɗai ba komai bane. C mejo da A maino sautukansu ɗaya ne sak, C D E F G A B, ba ƙari ba ragi. Ɗauki wayarka kayi rikodin kanka kana kaɗa Am kawai na minti biyu, sannu sannu, sai ka kunna ka kaɗa zanen a kai kana sauka a A. Sake yin wani rikodin da kod ɗin C, ka kaɗa wannan zanen dai, yatsu basu canza komai ba, amma kana sauka a C, ta 1 firet na 8. Na farko zai fito da sanyin jiki, na biyu fes da fara'a. Kaga kenan abin da ya mayar da shi maino shine inda ka maida gida da kuma kod ɗin da yake ƙasa. Wannan dangantakar zata yi maka amfani gaba, duk waƙar da take mejo ka ja baya firet 3 ka samu mainon da suke raba sauti, G a firet na 3 ɗan uwanshi E, D a firet na 10 ɗan uwanshi B a firet na 7.

In fentatonik ya zauna, sai ka dawo da biyun da aka kora. Ba sabon zane zaka koya ba, cike gurbi ne kawai. Ta 6: 5, 7, 8. Ta 5: 5, 7, 8. Ta 4: 5, 7. Ta 3: 4, 5, 7. Ta 2: 5, 6, 8. Ta 1: 5, 7, 8. Wurin da zai baka matsala ta 3 ce, don B yana firet na 4, dole hannu ya ɗan ja baya, manuniya ta taka 4, na tsakiya 5, ƙarami 7, sannan ka dawo mazauninka a ta 2. Wasu sun fi son su miƙa ƙaramin yatsa su ɗauko B ɗin a ta 4 firet na 9, sauti ɗaya ne, amma ga sabon hannu ja da bayan ya fi sauƙi. In kana mamakin me yasa zanen jita kullum yake karkacewa in an zo wajen nan, saitin ne, tsakanin kowace tsirkiya da ta kusa da ita firet 5 ne banda tsakanin ta 3 da ta 2 da yake 4. Wannan cikakken shi ake kira nacural maino, a wasu littattafan zakaga an rubuta Aeolian, sunan da wani masanin kiɗa ɗan Siwizalan Heinrich Glarean ya laƙaba mishi tun 1547, abu ɗaya ne kar suna ya tsorata ka.

Shawarata kar ka zubo B da F duka lokaci ɗaya. Ci gaba da yawonka a fentatonik, sai ka riƙa saƙo F ɗin ta 2 firet na 6 jefi jefi, ka taka ka zamo 5. In kunne ya saba sai ka kawo B ɗin ta 1 firet na 7. A haka zaka san me kowanne yake ƙarawa, ba wai kawai ɗigo ya ƙaru a takarda ba.

Yanzu maganar yadda ake atisaye, don nan ne sama da ƙasan naka ya samo asali. Hawa da sauka a jere yana da amfaninshi, yana koya ma yatsu hanya, amma minti biyu zuwa uku ya isa. Sa metironom, abin nan mai bugu a kai a kai don riƙe lokaci, akwai manhajoji kyauta birjik, ka sa shi a 60, sauti ɗaya duk bugu ɗaya, fik, ɗan abin da kake kaɗa tsirkiya dashi, yana ƙasa sama ƙasa sama ba ƙasa ƙasa kawai ba. Zai yi maka kamar ya cika jan jiki, toh a nan ne zakaji duk ƙazantar da gudu yake ɓoyewa, zizar tsirkiya, sautin da ya mutu tun bai fito ba, da wata tsirkiyar da take ƙara ba a gayyace ta ba. Zizar nan yawanci daga wurin da ka ɗora yatsa ne, ka sa shi dab da bayan ƙarfen firet, ba a tsakiyar fili ba kuma ba a kan ƙarfen ba, zakaga ko rabin ƙarfin da kake sawa baka buƙata. Gwada ma ka gani, danne sauti ɗaya ka riƙa sassautawa kana kaɗawa har ya fara ziza, sai ka ƙara ɗan kaɗan, iyakar ƙarfin da ake so kenan, duk abin da ya wuce haka wahalar da kai ne. Babban yatsa yana bayan wuya wajen saitin yatsan tsakiya, ba ya shaƙe jitar ba. In ka kaɗa sau uku a jere ba kuskure ka ƙara 4 ko 5 a metironom, in ka fara tuntuɓe ka koma baya ba jayayya.

Daga nan sai ka fasa jerin. Uku uku: A B C, B C D, C D E, har sama ka dawo. Sai tsallake: A C, B D, C E, D F. Na biyun nan ya fi wuya kuma ya fi amfani don waƙa ta gaske haka take tafiya, ba wanda yake rera sauti bakwai a jere. Ranar farko zai ɗaure maka kai sosai, alamar kana koyon sabon abu kenan.

Amma rabin lokacinka, ko fiye, ka ba ma rikodin ɗin nan na Am. Ga dokar da nake sa ma masu koyo kuma suna ƙinta da farko: sauti uku kawai. Ta 4 firet na 7, ta 3 firet na 5, ta 3 firet na 7, wato A, C, D. Minti biyu baka da izinin taɓa wani abu. Da farko zakace me za a yi da sauti uku, can in ka gaji da maimaita abu ɗaya sai ka fara ja ma wani tsawo, ka datse wani, ka maimaita ɗaya sau huɗu kafin ka motsa, kayi shiru bugu biyu ka dawo, ka kaɗa wani da ƙarfi wani a hankali. To kiɗan kenan ya fara fitowa. Yi gajeriyar jimla da ta tsaya a D kamar kayi tambaya, numfasa, sai ka bata amsa da wadda ta sauka a A. Shirun nan da kake tsoro yana cikin kiɗan, mai busa dole ya tsaya ya ja numfashi, mu masu jita ba abin da yake tilasta mana shi yasa muke cika ma mutane kunne. Dabara ɗaya, ka riƙa rera abin da kake kaɗawa, in numfashinka ya ƙare yatsu ma su tsaya.

In ukun sun fara magana sai ka ƙara E da G a ta 2, sannan ka koyi shiga sauti ta hanyoyi daban. Zamiya, ka taka 5 a ta 3 ka sulale zuwa 7 ba tare da ka sake kaɗawa ba. Ko ka kaɗa 5 ka sauke yatsan zobe da ƙarfi a 7 ya fito da kanshi. Tura tsirkiya kuma, ta 3 firet na 7 ka tura ta sama har D ya kai E, da yatsu biyu ko uku suna taimakon juna, ka fara kaɗa firet na 9 kaji inda zaka, don turin da bai kai ba ya fi komai muni a kunne. In jitarka ta katako ce mai tsirkiyar ƙarfe masu kauri kar ka kashe kanka, yi zamiya daga 7 zuwa 9 ya wadatar, a jitar lantarki mai siraran tsirkiya ne turin yake da sauƙi.

Toh sai sauran biyun da aka tsorata ka dasu. Hamonik maino sauti ɗaya ne ya canza, G ya zama G#. A B C D E F G# A. Kuma ba don ado aka ƙirƙiro shi ba, kod ne ya jawo. Kaɗa Am, Dm, Em, Am. Yanzu kaɗa Am, Dm, E, Am. Kaji yadda na biyun yake komawa gida da ƙarfi kamar an ja shi da igiya? G# ɗin da manuniyarka ta danne a ta 3 firet na 1 ne yayi wannan aikin, saura firet ɗaya ya isa A shi yasa yake matsa lamba. Mawaƙan Turai sun so wannan jan sai suka riƙa ɗaga sauti na 7, shikenan tarihin. Abin da ya biyo baya shine rami ya buɗe tsakanin F da G#, firet 3 cur, kuma wannan ramin ne yake bada ƙamshin da kunne yake dangantawa da kiɗan Larabawa da filamenko na Sifen. Kaɗa E F G# A a ta 1, a sake, 1, 4, 5, zaka gane abin da nake nufi nan take, kusan abin da Larabawa suke kira Hijaz kenan. A zanenka na firet na 5, G# yana ta 4 firet na 6, da ta 2 firet na 9 ko ta 1 firet na 4.

Yadda ake amfani dashi a aikace ba wai ka kaɗa shi tun daga farkon waƙa har ƙarshe ba. Yi rikodin Am, G, F, E, kowanne bugu huɗu. Akan ukun farko kana nacural ɗinka, E na shigowa sai ka ɗaga G ɗinka firet ɗaya, Am na dawowa ka sake shi. Sauti ɗaya, a kod ɗaya. Wanda ya gane wannan ya gama da hamonik na shekarar farko, ba sai ya haddace sabon zane ko ɗaya ba.

Melodik kuwa ka barshi. An ɗaga na 6 ne shima ya zama F# don a cike wancan ramin, a tsarin kilasik ana hawa dashi a sauko da nacural, ƴan jaz kuma suna hawa su sauko dashi yadda yake. In ba jarrabawar jitar kilasik zaka zauna ba ko jaz ka nufa, ba abin da zai yi maka yanzu sai cin lokaci.

Wanda ma zaka fi saurin cin karo dashi a waƙoƙi wani ne da ba a lissafa maka ba. Wata rana zaka bi wata waƙa da take A maino, komai lafiya, ka taka F kaji ya yi tsami. Duba kod ɗin, zaka samu akwai D mejo a ciki maimakon Dm, shi kuma D yana ɗauke da F#. Mafita biyu ce, ko ka matsar da F ɗin ta 2 daga firet na 6 zuwa 7, sunan wannan Doriyan, ko ka koma fentatonik abinka tunda shi dama ba F a cikinshi balle ayi faɗa. Wannan na daga cikin dalilan da nace ka riƙe fentatonik a matsayin ƙashin baya, duk sanda ka rasa gane inda waƙa ta dosa shi ne mafakarka.

Zane biyar ɗin fa? Gaskiya ne akwai su, sauti biyar ɗin nan ne dai a wurare daban daban na wuya, kuma wata rana zaka san su. Amma ni ban yarda a haddace su a jere ba, na sha ganin mai zane biyar da in ka kunna mishi kod ɗaya kace bismillah sai ya tsaya yana kallon wuyan jita. Ka faɗaɗa daga inda kake, kaɗan kaɗan. Daga ta 3 firet na 7 sulale zuwa 9, sai ta 2 firet na 8 da 10, sai ta 1 firet na 8 da 10. Ga sabon A a ta 2 firet na 10. Ɗan wurin nan mai sauti biyar kaɗai ya ishe ka wata guda kana wasa, kuma ka shiga zane na biyu kenan ba tare da ka zauna haddarshi ba.

Yatsu zasu yi zafi, zakaga layin tsirkiya ya kwanta a kan fatar, wannan ba komai bane cikin ƴan makonni zasu yi kanta. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku ranar hutu, don kanta da hadda duk maimaici suke so. Zafin fata daban, ciwo a wuyan hannu ko cikin gaɓa daban, in kaji na biyun ka ajiye jitar ka duba yadda kake lanƙwasa hannu. In kuma tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya sosai har sai ka yi kokawa kafin ka danne a firet na 7 ko 8, kai ta wajen mai gyara ya sauke su, ba laifin yatsunka bane. Kuma ka saita jitar duk sanda ka ɗauka, E A D G B E daga mai kauri, tunda duk aikin nan kunne muke horarwa, in saitin ya karkace ƙarya zaka koya mishi.

Yadda zaka san lokacin barin A yayi, kunna rikodin ɗinka, rufe ido, fara daga duk sautin da yatsa ya faɗa a kai, in kana iya komawa gida cikin sauti uku ko huɗu ba tare da ka leƙa ba toh ka matsa. Ɗauki zanen gaba ɗaya ka kai manuniya firet na 12, E maino kenan, kayi sabon rikodi da Em, C, G da D. Ko ka sauko dashi can farkon wuya inda tsirkiya a sake take maye gurbin manuniya, ta 6 a sake da 3, ta 5 da ta 4 da ta 3 a sake da 2, ta 2 da ta 1 a sake da 3. Firet na 3 zai baka G maino, na 7 B maino, na 10 D maino, don haka ka fara haddace sunayen sautukan tsirkiya ta 6 tun yanzu, guda biyu a rana ma ya isa. In ka je E maino ka tuna F ɗinshi F# ne, a zanen firet na 12 yana ta 6 firet na 14.